Ranar da Zéline Ba Ta Wanke Hannu Ba

A gidan Noirat, masana'antar agogo, ba a fita sai an wanke hannu a ganga. Tana nan bakin ƙofa, ƙatuwa, ta katako, kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa watsar da ruwanta haka kawai ba. In ya kwanta sai a tsiyaye na sama, a kwashe baƙar lakar ƙasa a shanya. Ƙarshen shekara a haɗa ta da sharar daɓe da tsofaffin rigunan aiki da tsummokaran guga, a cinna musu wuta. Abin da ya fito daga tokar azurfa ce, kuma ta maigida ce. Duk gidan da ake kwanson agogon azurfa a tudun nan namu haka ake yi, ba wanda ya taɓa ganin abin kunya a ciki. Sai dai su Noirat har mutum suka ajiye, wani Fidèle, wanda da an kaɗa ƙararrawar tashi ba shi da aiki sai ya tsaya kan gangar yana leƙen ƙarƙashin farcen mata. Sarkin Ganga ake ce masa, kuma yana amsawa.

Zéline Frésard ta fara tsoma hannu a gangar nan tana 'yar shekara goma sha huɗu, ba ta daina ba sai da kanta ya yi fari fat. Aikinta gogen kwanso. Za a kawo mata shi daga wurin maƙera dususu, duk tabon wuta da sawun magagari, ta kara shi a faifan guga, ƙafarta na taka mataki kamar ta mai keken ɗinki, har sai ta ga fuskarta a ciki. Ba wata fuskar a zo a gani ba ce. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, jar hodar guga ta shige mata fata har ba ta fita ko ranar Lahadi, ga bakinta da nauyi. In ka gaishe ta za ta amsa. In ka ƙara da labari, sai ka ga ta dubi hannunka, tana neman abin da ka yi da shi tun safe.

Ubanta, Vénuste, mai zane ne a kan azurfa. In ciyawa ta isa yanka manomi ne kamar kowa. Da dusar ƙanƙara ta toshe hanya sai ya koma teburinsa da ke kafe a jikin taga, ya ɗauki ɗan ƙarfensa mai tsini, ya duƙa. Furanni, jiragen ruwa, masallatai don kasuwar Turkawa, dodanni don kasuwar Sin, duk ta tagar nan suka fita. Kuma fitarsu ke nan. Agogo ba ya zama inda aka haife shi. A sa shi a kwali, a kai tashar jirgin ƙasa, sai wani mai kanti a wata duniya ya sa a rubuta sunansa a fuskar agogon, shi ke nan ya zama shi ya yi. Alhali agogo ɗaya kan bi ta hannun mutane rututu kafin ya fara bugawa: mai haƙoran ciki daban, mai hannuwa daban, mai fuska, mai gilashi, mai zane, mai guga. Je ka nemi sunan ko ɗaya a jikinsa.

Aikin Vénuste ɗaya tak ya zauna a garin, shi ne agogon tsoho Constant Noirat, wanda ya kafa gidan.

Shi Constant dillalin dawaki ne asali, kowa ya sani. Bai taɓa riƙe magagari ba a rayuwarsa. Abin da Allah ya ba shi baki ne da ƙafa. Ya gano cewa in ka karɓi aiki a gidan wannan ka kai gidan wancan, kai za ka yi ƙiba, su su rame, da haka kuwa ya gina masana'anta mai hawa uku, tagogi reras. Da ya ji ya isa, sai ya so agogon aljihu na kansa. Ya sa aka haɗa masa, ya kai wa Vénuste murfin baya ya ce a zana masa doki, don a lokacin bai fara jin kunyar dawaki ba.

Vénuste ya zana goɗiyarsa ta gida, da dukushinta yana laluben nono. A bayansu katangar duwatsu irin ta makiyayarmu, da doguwar bishiya mai rassa har ƙasa, can sama kuma hankaki uku. Hunturu guda ya cinye yana yi. Zéline tana yarinya, takan hau kujera ta tsaya tana kallo, ba a ce mata zo ba, ba a ce mata tafi ba. Ta ga ranar da ya yi gezar goɗiyar, sili-sili, yana riƙe numfashi. Ta ga ranar da ya huda ƙwayar idon, ya ajiye ƙarfen ya ce, "To, yanzu tana ganinmu." Iyakar abin da ya taɓa faɗa game da aikin ke nan.

Goɗiyar ta gaske an sayar da ita wata shekara da ciyawa ta ruɓe. Vénuste ido ya fara ƙin sa, sannan ƙirji, sannan aka kai shi makwancinsa. Wan Zéline ya kwashe kayan aikin ya karyar a kasuwar Saignelégier, ya haye Faransa, ko wasiƙa. Teburin kaɗai ya rage, shi ma don a kafe yake da bango. Saboda haka in Zéline tana son ganin hannun ubanta, sai ta jira ranar Lahadi a coci, lokacin da Constant zai fiddo agogonsa don fada, limamin cocin, ya gane huɗuba ta yi tsawo. Aljihu ma yana cin azurfa, amma a hankali yake ci, da kunya.

Da Constant ya mutu ɗansa Alcide ya gaji gidan. An kai shi karatu Neuchâtel, ya dawo da gashin baki murɗaɗɗe da hannu mai laushi kamar na jinjiri. Ba ya sa agogon uban, wai ya fi ƙarfin aljihu. Ya kifa masa ƙoƙon gilashi a ofis, ya ba da umarni duk ranar Asabar a sauko da shi ɗakin guga a goge shi ya yi ƙal, don masu saye daga ƙasashe su gani.

Duk wanda ya taɓa guga ya san guga ci ce. Ƙyallin nan da kake gani fatar azurfa ce aka ɗaye. Alcide bai sani ba, ina zai sani, kuma ba a gaya wa mai gashin baki irin nasa abin da bai tambaya ba.

Aikin Asabar ɗin ya faɗa hannun Hermance, wadda faifanta ke kusa da na Zéline. Ƙaƙƙarfa ce, mai dariya, in ta danna kwanso a faifai har kuka yake. Hunturu biyu aka yi haka. Wata Asabar Zéline ta zo wucewa da tiren aikinta, ta kai ido, ta tsaya cak.

"Hermance, ina hankakin?"

"Wane hankaki kuma?"

"Uku ne. Sama da bishiyar."

Hermance ta juya agogon ta kanne ido. "To, sun tashi mana. Ba tsuntsaye ba ne? Ke ma da kina da fiffike ai da tuni kin bar gidan nan."

Zéline ta ajiye tiren. "Ba ni aikin Asabar."

"La, jama'a, ku zo ku ji! Gwaggo Shiru ta haɗa magana biyu a rana ɗaya! A je a kaɗa ƙararrawar coci!" Ta share hanci da bayan hannu, ta bar jan layi a kumatu. "In na ba ki, ni me zan samu?"

"Kwasar ganga."

Kwasar lakar ganga karɓa-karɓa ake yi tsakanin mata, kuma ba wadda ba ta ƙirƙiro ciwon baya in ranarta ta zo. Wari gare ta kamar kwata, da hunturu kuwa sai an fasa ƙanƙara kafin a sa hannu.

"Har zuwa yaushe?" in ji Hermance.

"Har ki mutu ko in mutu."

"To ke ki fara, 'yar uwa, ni ina da 'ya'yan aurarwa. Ungo tsiyarki."

Daga ranar Zéline ta shiga ha'inci, ita da ba ta taɓa fita da ko ƙwayar ƙura ba. Ran Asabar za ta karɓi agogon, ta juya wa ƙofa baya, ta taka mataki faifai ya yi ta ruri, ta riƙe murfin dab da shi, tsakaninsu bai fi kaurin gashi ba, amma ba ta bari su haɗu. In ta ga an jima sai ta hura masa numfashi, ta shafa da lallausar fata, ta mayar. Alcide ya ɗaga shi a hasken taga ya ce bai taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Ka ji masani.

Matsalar ita ce baƙi. Wani lokaci yakan sauko da su har ɗakin guga, yana tafe yana buɗe hannuwa kamar mai wa'azi.

"Ga sirrin gidanmu nan, ƙauna. Ma'aikatanmu 'ya'yanmu ne." Ita kuwa ta san shi tun yana yawo da majina. "Inna Zéline, nuna wa baƙinmu yadda muke yi."

Muke. Sai su yi mata rumfa, su leƙo, yana cewa, "Danna mana, Inna, kada ki ji tsoronsa, azurfa tana son hannu." A nan ba dabara, dole murfi ya taɓa faifai. Wani Bajamushe mai sayen agogo ya tafi da gezar goɗiyar. Wasu 'yan majalisa biyu da matansu suka ci rabin katanga. Bishiya ta koma kamar hayaƙi. Amma goɗiya tana nan, dukushi yana nan, idon kuma yana nan, don shi Vénuste ya fi zurfafawa.

A tsakanin nan ta yi aure, in za a kira shi aure. Numa sunansa, mai haɗa kayan cikin agogo, kuma hannunsa ba laifi in ya ga dama, sai dai bai cika ganin damar ba. Litinin ba ya aiki, wai al'adar masu agogo ce. Talata yana jinyar Litinin. Wurin zamansa mashayar bakin tasha, gaban kofin koriyar giya, yana bayani kan gumin ma'aikaci. Gumin ma'aikaci! Ita ke kawo gumin gida, shi yana kai labarinsa mashaya. Sau ɗaya ta yi kuskure ta gaya masa zancen agogon. Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Gadonki ne! Gobe da safe zan hau ofishin nan in kama Alcide ta gashin baki in ce, kai ɗan dillalin dawaki..."

"Ci dankalinka, yana hucewa."

"Ba ki yarda ba ko? Gobe za ki gani, mace."

Goben nan ta yi shekaru tana zuwa. Ya gaya wa duk mashaya, ya gaya wa mai kai wasiƙu, har waƙa ya so ya yi a kai. Mutum ɗaya ne bai taɓa gaya wa ba, Alcide, wanda in sun haɗu a hanya Numa ke fara cire hula. Sanyi ya kama shi wata shekara ya tafi. Ta yi masa takaba yadda ya kamata, ta kuma lura itacen hura wuta ya fara kai mata ƙarshen hunturu.

Sai ga shekarar da gidan Noirat ya cika hamsin. Alcide ya ce za a yi bikin da ba a taɓa yi ba: 'yan badujala, tuta, liyafa, lambar girma ga wadda ta fi kowa daɗewa, wato Zéline. Ya ɗauko wani marubuci daga birni, mai tabarau da tari, ya ajiye shi a masauki yana ci yana sha yana rubuta tarihin gidan. Tarihin da ya fito shi ne wai Constant Noirat, yana matashi, ya zauna shi kaɗai a ɗan ɗakin soro, ya ƙera agogonsa na farko da hannunsa tun daga haƙori har murfi, kuma agogon nan na ƙarƙashin gilashi shi ne. Duk tsofaffin garin sun san wanda ya yi kowane ƙarfe a cikinsa. Ba wanda ya ce uffan. Liyafa ce fa, an ce har da naman maraƙi.

Abu ɗaya ya tsaya wa tarihin a wuya, goɗiyar. Duk wanda ya ga doki a bayan agogon Constant zai tuna kasuwar dawaki. Saboda haka aka yanke shawara a shafe murfin ya zama sumul, a aika da shi birnin Chaux-de-Fonds a zana fuskar marigayi, da ganye zagaye da ita.

Fidèle ne ya kawo saƙon da safe, ya ajiye murfin a kan teburinta, an riga an cire shi daga jikin agogon. "Maigida ya ce a share. Kamar madubi. Gobe jirgin safe zai tafi da shi."

Zéline ta dubi murfin. Ta cire rigar aikinta, ta hau bene. Tun da take gidan ba ta taɓa taka matakalar nan ba sai in ta kai tire.

Alcide na zaune da marubucin, suna gwada jawabi. "A'a, Inna Zéline da kanta! Malam, ga wadda nake ba ka labari, ginshiƙin gidanmu. Zauna, Inna."

Ba ta zauna ba. "Maigida, murfin nan. Zanen babana ne."

"Na sani mana! Vénuste, mutumin kirki. Malam, rubuta sunan, ko za mu samar masa wuri a ƙasan shafi." Malam bai ko motsa alƙalami ba.

"Shi kaɗai ya rage."

"Ayya."

"A yi sabon murfi, a zana Baba Constant a kai. Wannan a bar shi. Ko a aljihun tebur ne."

Alcide ya yi murmushi irin wanda ake wa yaro. "Inna, ba ki gane ba. Dole ya zama azurfar da Baba ya taɓa da hannunsa. Tarihi ke nan. Sabon murfi ai ƙarya ce, ni kuwa ba na ƙarya da sunan mahaifina."

Marubucin ya yi tari.

"Kuma ki duba," in ji Alcide, "me ya rage a jiki? Wani abu kamar akuya. Karramawa ce fa, a ce aikin Vénuste ne ya zama shimfiɗar fuskar Baba. In ranki ba ya so, ba komai, Hermance ta yi. Sabon faifan nan mai lantarki kafin ki ƙifta ido ya gama."

Dama ta san haka za a yi. Magana kayan aikinsu ce, ta shigo musu shago da hannu wofi. Ta juya ta sauka.

Hermance ta tsufa ita ma, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai yana nan. Ta dube ta ta gane.

"Ba ni nan, Gwaggo. Je ki zaga baya ki sha iska, kafin ki dawo na gama. Ai ni na saba, ni na kori hankakin."

"A'a."

"Ke dai taurin kai kamar jakin mai madara. Za ki kashe abinki da hannunki?"

"Da hannun wa kike so?"

Ta zare igiyar faifanta ta rataye. In an sa a faifai, azurfar tashi take, ta bi iska, ta sauka a daɓe, a share ta, ta shiga tokar maigida. Ta ɗauko ɗan dutsen guga mai laushi, da gawayi, da ɗan kasko na mai, irin yadda ake yi kafin a kawo faifai garin. Da haka ba abin da ke tashi. Duk abin da ya bar murfi yana zama baƙin kwaɓi, kwaɓin kuma a hannu yake tsayawa.

Ta ɗora murfin a tafin hagu, ta fara daga gefe. Sauran katangar ba ta yi gardama ba. Bishiya dama ta gaji. Da rana ta take mata suka fiddo burodi da cuku, ita ba ta ɗago ba. Tsumma na nan kusa da ita, ba ta taɓa shi ba. In kwaɓin ya taru a yatsa sai ta shafa shi a bayan hannu, ta ɗebo sabon mai. Ƙafafun dukushi suka tafi, sannan kansa. Ta daɗe a kan bayan goɗiyar.

Rana ta karkata, ba abin da ya rage sai ɗigo ɗaya a tsakiyar fili fari. Ta dube shi, shi ma yana dubanta. Ta sa babban yatsa a kai, ta murza, ta murza, har ta daina jin sa a ƙarƙashin fata.

Ta ce Hermance ta ɗauke murfin da tsumma mai tsabta ta yi masa shafar ƙarshe, don ita hannunta ba ya taɓuwa. Baƙi ƙirin har wuyan hannu, yana wani ƙyalli-ƙyalli in haske ya faɗa masa. Fidèle ya zo ya karɓi murfin, ya ga fuskarsa a ciki, ya gyara hula.

Aka kaɗa ƙararrawa. Mata suka rataye rigunan aiki, suka yi layi a ganga. Zéline ta sa Hermance ta kwance mata tata rigar, ta yafa mata mayafinta. Ta bi gefen layin, hannuwa a gaba kamar mai ɗauke da tire, ta wuce gangar.

"Kai, kai! Zéline! Ganga!"

Ba ta tsaya ba.

Fidèle ya sha gabanta ya tare ƙofa. "Tsufa ya fara taɓa ki ne? Dubi hannunki!"

"Na gani."

"To koma ki wanke."

"A'a."

"Yau ga sabon salo," in ji Hermance daga cikin layi. "Sarkin Ganga, talakawa sun yi tawaye. Kira sojojinka!"

Mata suka fashe da dariya. Hayaniyar ta sauko da Alcide, takardar jawabi a hannu, farar rigarsa tas. Fidèle ya yi masa bayani yana in'ina. Alcide ya dubi hannuwan, ya gyara murya.

"Inna Zéline, kin fi kowa sanin dokar gidan nan. Ba don abin da ke hannunki ba, bai taka kara ya karya ba. Don ƙa'ida. In na bar ki yau, gobe kowa zai fita da hannu baƙi. Azurfar gidan Noirat ce a jikinki."

Ta miƙa masa hannuwan, har sun kusa taɓa ƙirjin farar rigar. "Zo ka karɓa."

Ya ja da baya har ya taka ƙafar marubucin, wanda ya biyo shi ganin ƙwaf.

"Ki yi tunani, Inna. Saura kwana kaɗan biki. Lambarki tana sama, an riga an zana sunanki. In kika fita ƙofar nan haka..."

"Fidèle, matsa. Ko in matsar da kai."

Fidèle ya dubi hannuwan, ya dubi rigarsa ta fita, wadda matarsa ta goge masa. Ya matsa. Duk dokar nan ta shekara hamsin, ashe ba mai son ya ɓata rigarsa a kanta.

"Sai da safe, Gwaggo!" Hermance ta ƙwala mata. "Au, na manta, ba safe! To wa zai kwashe mini ganga, muguwa?"

Zéline ta bi titin coci da hannuwanta a gaba. Masu zaman mashaya suka leƙo, suka sami abin tattaunawa na wata guda. Ta tura ƙofar gidansu da kafaɗa. Teburin Vénuste na nan jikin taga, da ɗan kwarin da gwiwar hannunsa ta yi a katako. Da sauran hasken rana. Ta zauna, ta kifa tafukanta a wurin, ta murza. Ta juya bayan hannu ta murza. Ta sa tsinke ta ƙwaƙulo na ƙarƙashin farce, ta shafa shi ma. Tsohon katako busasshe ne, ya sha mai ya shanye baƙin. Da ta gama sai ta tashi ta wanke abin da ya saura da sabulu, ta watsar da ruwan a bayan gida kamar kowane ruwa, ta ɗora dankali.

An yi biki ba ita. Lambar aka shafe sunanta aka ba Fidèle. Murfin ya dawo daga birni da fuskar wani mutum mai kumatu, wanda tsofaffi suka ce ya fi kama da mahaucin garin Les Bois, amma da aka zagaya da shi a liyafa kowa ya ce kamar Constant zai yi magana. Alcide ya yi jawabi har ya yi ƙwalla. Ya kuma ci gaba da sa a goge agogon duk Asabar, a faifan lantarki. Hancin marigayi ne ya fara tafiya.

Zéline ta koma karɓar aiki a gida, kwanson farin ƙarfe na agogon talakawa, wanda ba mai damuwa da ƙurarsa. Ba ya kawo abin kirki. Ta rage nama, ta rage itace, ba ta je ta roƙi kowa ba, ba a kuma zo an roƙe ta ba. Bayan babban yaƙi mutane suka koma ɗaura agogo a hannu, gidan Noirat ya rufe, aka ɓamɓare katakon daɓensa aka ƙone don a tatsi azurfar ƙarshe. Agogon wani attajiri mai tara tsofaffin kaya ya saye shi, tare da littafin tarihin. An ce yana nuna wa baƙinsa, yana musu bayanin hannun Constant Noirat.

Hermance takan zo ranar Lahadi bayan coci, ta kawo waina mai kirim, ta cika ɗakin da surutu. Suna zama a bakin taga, nan ne haske. Duk zuwan da za ta yi sai ta ɗauki kofinta na kofi ta yi kamar za ta dire shi a kan baƙin tabon nan na tebur.

"Gwaggo, wai yaushe za ki kankare dattin nan ne? Mace har mace, mai guga guda, teburinta kamar na maƙeri."

Zéline takan sa yatsa ɗaya ta ture kofin gefe.